Labarin Tolstoi, Mutumin Rasha Mai Ƙin Yaƙi

An haifi Liyo Tolstoi a shekara ta 1828 a wata babbar gona da ake kira Yasnaya Poliyana, kudu da birnin Masko, cikin ƙasar Rasha. Ɗan manyan gida ne, iyayensa suna da ƙasa mai yawa da talakawa masu yi musu noma. Uwarsa ta rasu tun bai cika shekara 2 ba, ubansa kuma ya rasu a 1837.

Da ya zama saurayi sai ya bi duniya. Caca ta ci shi har aka sayar da gidan da aka haife shi a ciki don biyan bashi. A 1851 ya tafi wajen sojoji, daga baya ya yi yaƙi a garin Sebastofol a 1854 da 1855, ya ga yadda samari suke mutuwa kamar fāra. A 1857 yana birnin Faris ya ga hukuma ta sare kan wani mutum a gaban taron jama'a. Abin nan bai bar zuciyarsa ba har mutuwarsa.

Ya yi aure a 1862, suka haifi ƴaƴa 13. Ya rubuta manyan littattafai biyu, ɗaya mai suna Yaƙi da Salama, ɗaya Ana Karenina, sunansa ya kai ko'ina. Duk da haka, da ya kai kamar shekara 50 sai ya rasa kwanciyar rai. Ya ga dukiya da suna ba su hana mutuwa. Har ya riƙa ɓoye igiya don kada ya rataye kansa.

Sai ya koma ga Linjila, musamman koyarwar Yesu a bisa dutse, cikin Matiyu sura 5 zuwa 7. Ya ɗauki umurnin ƙaunar maƙiyi da barin ramuwa da gaske. Ya gaskata cewa bai kamata mai bin Yesu ya shiga soja ba, ko ya rantse wa sarki, ko ya goyi bayan mulkin da ke tsaye bisa bindiga da gidan kaso. Ya sa tufafin talakawa, ya yi huɗa da kansa, ya koyi ɗinkin takalma.

Daga nan rubutunsa ya sake. Ya shiga rubuta gajerun labarai da manomi zai gane, ana sayar da su da araha a ƙauyuka. A 1886 ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Ikon Duhu, daga wata shari'a ta gaskiya da aka yi a yankinsu. Labarin wani ɗan ƙwadago ne, Nikita, wanda ya yi zina da matar maigidansa. Matar ta sa wa mijinta guba. Zunubi ya jawo zunubi, har Nikita ya kashe jariri don rufe kunya. A ƙarshe, ranar biki, ya durƙusa a gaban jama'a ya furta laifinsa duka, ubansa tsoho matalauci kuwa ya yi murna domin ɗansa ya tuba. Hukumar Rasha ta hana yin wasan nan a fili har 1895.

A 1897 ya gama wani littafi a kan amfanin waƙa da zane da wasa. A ganinsa, mai wasa yakan zuba abin da ke zuciyarsa cikin zuciyar mai kallo, kamar yadda cuta take kama mutum daga mutum. Saboda haka wasa mai kyau shi ne wanda ke haɗa mutane cikin ƙaunar Allah da ta maƙwabci, wanda kuma talaka zai gane. Ya kawo labarin Yusufu da ƴan'uwansa a kan misali. Da ma'aunin nan ya raina har manyan littattafansa na dā.

Ya kuma nuna bangaskiyarsa da aiki. A yunwar 1891 da 1892 shi da iyalinsa suka buɗe wuraren ciyar da mayunwata fiye da 200. A 1895 wasu manoman Rasha da ake kira Dukobo suka ƙone makamansu, suka ƙi soja, aka tsananta musu ƙwarai. Tolstoi ya ba da kuɗin wani littafinsa, aka taimaki fiye da mutum 7,000 suka ƙaura zuwa Kanada a 1899. Gandi na Indiya ya karanta rubutunsa sa'ad da yake Afirka ta Kudu, suka rubuta wa juna wasiƙu a 1909 da 1910.

Amma ya ku ƴan'uwa, dole mu faɗi inda ya kauce. Tolstoi ya karɓi koyarwar Yesu, bai yarda cewa Yesu Allah ne ba, bai kuma gaskata tashinsa daga matattu ba. Ikkilisiyar Rasha ta raba kanta da shi a 1901. Ya so ya cika umurnin Almasihu da ƙarfin kansa, nauyin kuwa ya fi ƙarfinsa. Gidansa ya cika da jayayya a kan dukiya. Yana da shekara 82 ya fita da dare ya bar matarsa, ciwon huhu ya kama shi a hanya, ya mutu a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa, Astafobo, a watan Nuwamba 1910. Game da hukuma kuma, Romawa sura 13 ta koya mana biyayya wadda shi bai karɓa ba.

Duk da haka ma'auninsa yana da amfani a gare mu mutanen Arewa. In matasa suna shirya wasan Kirsimeti a ikkilisiya, ko makaɗi ya zo biki, mu tambayi kanmu abin da zai bari cikin zukatan yaranmu. Waƙar da ke zuga manomi a kan makiyayi lokacin girbi, ko ke zambo ga wata kabila, tana shuka gaba, ko da muryar mai waƙar ta yi daɗi. Bari baiwarmu ta kai mutum ga tuba da sulhu da ɗan'uwansa. Ikon gafarta wa maƙiyi kuwa, Yesu da ya tashi daga matattu shi ke bayarwa ga duk wanda ya roƙe shi.