Oumarou Ganda: Ɗan dakon da ya karɓi kyamara don ba da labarin kansa

A 'yan shekarun nan, duk lokacin da sunan Isa ko Sabon Birni ya fito a labarai, fuska biyu ake nuna wa duniya ta matasan yankin: ko saurayi rataye da bindiga a daji, ko wanda ya tsere ya bar gonarsa. Mai ɗaukar hoton kuwa galibi ba ɗan Gobir ba ne. Batun wanda ke da ikon ba da labarin matashi talaka tsohon batu ne, kuma wani ɗan Nijar, ƙasar da iyakarta ke daf da Sabon Birni, ya ƙare rayuwarsa yana fama da shi.

An haifi Oumarou Ganda a Yamai a 1935, kuma Bazabarme ne. Tun bai kai shekara 20 ba ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indocina. Da ya dawo gida bai sami aiki ba, sai ya bi sahun 'yan ci-rani zuwa Abidjan, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa. A can ya gamu da Jean Rouch, Bafaranshen da ke binciken ƙaurar 'yan Nijar, wanda ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958.

Fim ɗin ya bi wasu samarin Nijar a unguwar Treichville, da neman aikin yini, da mashaya, da dambe. Wasunsu sun ari sunayen taurarin finafinan Turawa. Ganda ya zaɓi Edward G. Robinson, ɗan wasan Amurka da ya yi suna da fitowa a matsayin shugaban 'yan daba tun fim ɗin Little Caesar na 1931. Abokinsa mai laƙabin Eddie Constantine ya ƙare a kurkuku bayan faɗa da ɗan sanda. Wato hatta mafarkin waɗannan samari da rigar aro ta masu laifin Amurka aka tufatar da shi. Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa, amma sunan Rouch ne ya ɗaukaka, duk da cewa muryar Ganda ce ke jan labarin.

Ganda ya koma Yamai, ya koyi aikin fim a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, da harshen Zabarmanci ya yi shi, aka kuma nuna shi a Cannes a 1969. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indocina, ya ƙarar da kuɗinsa a kan abokai da matan banza, suka watse da aljihu ya bushe. Bai wanke saurayin ba, amma ya nuna wanda ya kai shi yaƙi, da al'ummar da ta ci kuɗinsa ta yar da shi.

Daga nan ya juya ga manya. Le Wazzou polygame, labarin Alhajin da ya auri budurwar da aka yi wa wani saurayi alkawari, shi ne fim na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu a 1972. Saitane kuma ya tona asirin malamin tsibbu.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, bayan fim ɗinsa L'Exilé. Yau akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai, kuma FESPACO na ba da kyauta da sunansa ga fim ɗin farko na sabon darakta. Shi sai da ya yi kusan shekara 10 kafin kyamara ta shigo hannunsa. Samarin Isa da Sabon Birni kuwa tana cikin wayar da ke aljihunsu.