Likita Mila da Majami'ar Wusasa

An haifi Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da Likita Mila, a ƙasar Ingila a shekarar 1872. Ya karanta aikin likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S. Tun kafin ya taka ƙasar Hausa ya tafi Tarabulus, inda ya koyi harshen a bakin fatake da alhazai. Watau shi ma Hausa ba harshen uwa ba ce a gare shi, da naci ya iya ta.

A 1900 ya iso Kano cikin ayarin Bishop Tugwell. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, sai suka koma Girku. A 1905 Mila ya sami wuri a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Burinsa shi ne Zazzagawa su karɓi addinin Kirista, amma kaɗan ne suka bi shi. Sarki da malamai ba su saki jiki da zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi ba. Daga bisani aka mai da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwa, kusa da dutsen Kufena.

A can ne aka gina majami'ar St. Bartholomew a 1929, lokacin da Guy Bullen yake jagorancin aikin. Ba a kwaikwayi majami'un Turai ba. Maginan ƙasar ne suka tayar da ita da jar ƙasa, irin ginin Hausa. Bangonta yana da kauri, don haka cikinta yakan yi sanyi ko da bazara. Rufinta kuwa yana bisa bakan gizo, watau ginshiƙan da suke tashi daga bango su lanƙwasa su haɗu a sama, irin dabarar da Babban Gwani ya shahara da ita a masallacin Juma'a na Zariya. Ga ta nan tsaye har yau.

Shi kuwa Mila, sai ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da abokan aikinsa, aka buga shi a 1932. Makarantar da ya dasa ita ma ta yi 'ya'ya. Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, a hannun mishan ɗin ya fara karatu, kuma a Wusasa Janar Yakubu Gowon ya yi firamare.

Mila ya rasu a 1952 kusa da Jos. Bai cim ma babban burinsa ba, amma ya bar littattafai cikin Hausa, ya bar ɗalibai, almajiransa kuma suna ibada a ɗakin da hannun Bahaushe ya gina.

Tambayoyi
1. A ina Likita Mila ya koyi Hausa?
2. Me ya sa aka mai da mishan Wusasa?
3. Mene ne bakan gizo a ginin Hausa?