Tunawa da Marigayi Abubakar Imam, Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a Dantokpa ko a bakin iyakar Seme ya san cewa ido ke fara ciniki kafin baki. Haka abin yake a harkar ɗab'i. Shi ya sa a yau, daga nan Zangon Kwatano, muka ga ya dace mu tuna da marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda ya sa Bahaushe ya so riƙe takardar boko a hannunsa.

An haifi Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta Nijeriya a yanzu, a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Midil ta Katsina. A 1933 ya shiga gasar ƙaga labarai wadda wani Bature, Dokta Rupert East, ya shirya, inda littafinsa Ruwan Bagaja ya ci kyauta. Daga nan aka ɗauko shi zuwa Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, na farko ya fito a 1937.

Wanda ya taɓa buɗe Magana Jari Ce ba zai manta da tsarinsa ba. Kowane labari da kansa a sama, ga zane-zane a tsakiya, har yaron da bai gama haɗa baƙi ba yakan tsaya kallon hoto, daga nan ya nemi sanin abin da akun ya faɗa. A shekarun 1930 ɗin ne kuma ofishin Zariya ya tsayar da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, maimakon ɗigon da ake sa wa a ƙarƙashi.

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa. Sunan kansa talla ne irin na gwanin kasuwa: ya faɗi kuɗin kaya, ya kuma yabi kayan. Da aka lura cewa mutane da yawa ajami suke karantawa, sai a 1941 aka ƙara shafukan ajami da ake kira 'Yar Gaskiya. Ka ga an bi mai saye zuwa inda yake ke nan. A 1943 Imam ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadar Zariya. Ya shafe fiye da shekara 10 yana editanci kafin ya shiga wasu ayyukan hukuma. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a 1981.

To, ina muka kwana? Sau da yawa mukan kai sanarwar ƙungiya ko tallan shago wajen mai kwamfutar da Faransanci kawai ya sani, a dawo mana da takarda a cunkushe, lanƙwasa duk ta zube. Sai mai sayar da baƙin yadi ya wayi gari yana tallan bakin yadi. Kuɗinmu muka biya, don haka mu riƙa karantawa kafin a buga, mu nemi a gyara haruffa, a bar fili, kanu ya fito ɓaro-ɓaro.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.