Fuko, Bature Mai Zaman Hamada

An haifi Charles de Foucauld a garin Strasbourg, ƙasar Faransa, cikin shekarar 1858. Sunan nan nasa yana da wuyar faɗi, saboda haka mu kira shi Fuko, kamar yadda mutanen ƙasarsu ke furtawa. Iyayensa masu dukiya ne, amma bai daɗe da su ba, yana da shekara shida uwa da uba duk suka mutu. Kakansa ya ɗauke shi ya riƙe, ya kuwa shagwaɓa shi.

Da Fuko ya zama saurayi sai ya bar addinin iyayensa na Kirista, ya daina ko yarda akwai Allah. Aka kai shi makarantar soja, ya zama malalaci, ba abin da ya sa gaba sai ci da sha da barci. Ran da suka fita makarantar sojan doki, su 87 ne, shi ne na 87. Kakan ya mutu ya bar masa gado mai yawa, ya shiga watsa shi kamar mai shuka gero. A 1881, yana aikin soja a Aljeriya, aka sallame shi saboda rashin ɗa'a. An mai da shi daga baya, ya yi yaƙi da jaruntaka, amma a 1882 shi da kansa ya ajiye aikin.

To, a zamanin nan ƙasar Maroko a rufe take, Bature bai isa ya yi yawo cikinta ba. Fuko ya ƙudura sai ya gani. A 1883 ya yi shigar malamin Yahudawa, ya ɗauki wani Bayahude mai suna Mardoshe ya yi masa jagora. Suka yi wata 11 suna tafiya, suka ci wajen kilomita 3,000. Yana da wani ɗan littafi da bai fi tafin hannu ba, a ciki yake rubuta duwatsu da koguna da garuruwa a ɓoye. Da ya komo gida aka ba shi lambar zinariya saboda wannan aiki.

Amma akwai abin da ya gano can wanda bai shiga taswira ba. Ya ga Musulmi suna salla. Ku yara da kuka tashi kuna ganin haka kullum, ba za ku ga abin mamaki a ciki ba. In lokaci ya yi, fatake su tsai da ayari, su sauka, in ba ruwa su yi taimama, su fuskanci alƙibla. Ɗan kasuwa ya bar hajarsa. Talaka mai tsumma ya sa goshi a ƙasa a gefen hanya, bai dubi wanda ke kallonsa ba, balle ya ji kunya. Shi kuwa Fuko ya fito daga cikin abokan da suke wa mai ibada dariya. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Ya ga mutanen nan suna da wani abu wanda shi, duk da iliminsa da kuɗinsa, ba shi da shi. Ya koyi Larabci, ya karanta Alƙur'ani, har ya yi tunanin shiga Musulunci.

Bai shiga ba. Ya koma birnin Paris yana ta shiga majami'u, yana roƙon Allah, in dai Yana nan, Ya sanar da shi Kansa. A watan Oktoba na 1886 ya je wurin wani limamin Kirista mai suna Huvelin, ya durƙusa ya tuba, ya koma addinin da ya yar tun yana yaro. Ashe sallar Musulmi ce ta tashe shi daga barci.

Daga nan ya rabu da dukiya. Ya zauna shekara bakwai cikin masu zuhudu a Faransa da ƙasar Sham, sa'an nan ya tafi Nazarat ya zama bara, yana shara yana kwana a wata 'yar bukka. A 1901 aka naɗa shi limami, ya nufi Hamada. Ya fara zama a Bani Abbas, inda ya riƙa fansar bayi, a 1905 kuma ya sauka Tamanrasat cikin Buzaye. Garin yana arewa da Agadas, a kan hanyar da mutanenmu ke bi har yau zuwa Aljeriya.

Can ya yi yadda ya ga Musulmi na yi, bai ɓoye addininsa ba. Farar rigarsa tana da alamar zuciya da gicciye a ƙirji, kowa na gani. Buzaye kuwa ba su bar addininsu ba saboda shi, amma sun zauna lafiya tare. Da aka yi fari a 1907 ya raba abincinsa duka, har ciwo ya kwantar da shi. Sai maƙwabtansa Musulmi suka bi ƙauyuka suna neman awakin da ke da sauran nono, suka riƙa ba shi har ya miƙe. Ya yi shekara da shekaru yana rubuta ƙamus na Buzanci da Faransanci mai shafi fiye da 2,000, ya kuma tattara waƙoƙinsu.

Sai dai kada mu ɓoye wani abu. Fuko bai daina son mulkin Faransa ba, yana kuwa aika wa hafsoshinta labarin ƙasa. Wannan ya sa da yaƙi ya tashi, masu faɗa da Faransawa suka ɗauke shi abokin gaba. Ran 1 ga Disamba, 1916, wasu mahara suka yaudare shi ya buɗe ƙofa, suka ɗaure shi, wani yaro mai gadinsa ya firgita ya harbe shi. A cikin watan nan ne kuma Kawusan ya kewaye Agadas da yaƙi. A 2022 Paparoma ya sa Fuko cikin waliyyan Cocin Katolika.