Seyni Kountché: Sojan da ya shimfiɗa hanyar Arlit, ya rasu bai tsayar da magaji ba

Ranar 10 ga watan Nuwamba 1987 Janar Seyni Kountché ya rasu a wani asibitin birnin Paris, bayan shekara 13 yana riƙe da ragamar mulkin Nijar. Har gobe idan hira ta kai kan tsaro ko cin hanci, a tasha ko a fada wajen shan shayi, da wuya a tashi ba a ambaci sunansa ba. Wasu suna tuna shugaban da ɓarayin dukiyar gwamnati ke shakka, wasu kuma suna tuna ƴan uwansu da aka kulle ba tare da shari'a ba.

An haife shi a 1931 a Fandou, cikin ƙasar Filinge, a gidan sarautar Zabarmawan Tondikandia. Tun yana yaro aka tura shi makarantar ƴaƴan soja a Kati ta ƙasar Mali, sannan Saint-Louis ta Senegal. Ya yi wa Faransa aikin soja a yaƙin Indochine da na Aljeriya, ya yi horon hafsoshi a Fréjus. A 1961 ya dawo cikin rundunar sojan Nijar da aka kafa bayan samun ƴancin kai, kuma a 1973 shugaba Diori Hamani ya naɗa shi babban hafsan sojoji.

A lokacin fari ya riga ya cinye garken makiyaya, rumbuna sun koma wayam, jama'a na ƙorafin cewa hatsin taimako yana ɓacewa a hannun manyan jam'iyyar PPN-RDA. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da Diori, aka kashe uwargidansa Aïssa a cikin harbe-harben daren. Kountché, yana laftanar-kanar, ya kafa majalisar ƙoli ta soja, CMS, ya jingine kundin tsarin mulki, ya rushe majalisar dokoki, ya hana jam'iyyu. Ya sa sojoji rabon abinci a karkara, ya kuma sallami dakarun Faransa da ke jibge a Yamai.

Ya hau mulki daidai lokacin da kuɗin yuraniyom ke tashi a kasuwar duniya. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a Arlit tun 1971, COMINAK ya biyo baya a Akouta a 1978. Da wannan kuɗi aka soke harajin kai da ya daɗe yana wahalar da talaka, aka gina makarantu da gidajen likita, Yamai ta samu otel Gaweye da Palais des Congrès. Aikin da ya fi sauya taswirar ƙasar shi ne hanyar kwalta da ta tashi daga Tawa, ta bi Abalak da Agadas har Arlit, tsawon sama da kilomita 600, wadda aka gama wajen 1980 da gudummawar kamfanonin ma'adinai. Kafin ita, tafiya Agadas wahala ce ta kwanaki cikin rairayi. Bayan ta, ɗan kasuwar Maraɗi ko Konni yana ɗora kaya ya kai arewa ba fargabar mota ta kafe. A gabas kuma hanyar Unité, da aka fara a zamanin Diori da taimakon Kanada, ta haɗa Gure da N'Guigmi.

Sai dai sunan da aka fi sanin hanyar Arlit da shi, hanyar yuraniyom, ya faɗi dalilin gina ta. A wancan lokaci manyan motoci ke sauko da ma'adinin ta Dosso da Gaya zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Wutar da kamfanin SONICHAR ke samarwa da gawayin Anou Araren ma'adinai ta fi yi wa aiki. Makiyayan Abzin da Azawak, waɗanda fari ya raba da dabbobinsu, suna kallon motocin na wucewa, yayin da galibin ma'aikata da masu muƙami daga kudu aka kawo su. Samari da dama suka tsallaka Aljeriya da Libiya neman abin yi, wasu suka shiga sansanonin horon soja na Kanar Gaddafi.

Kountché ya ɗauki wannan al'amari a matsayin barazanar tsaro tun daga tushe, kuma yana da dalilan da suka sa shi zargi. A 1975 ya kama mataimakinsa Kwamanda Sani Souna Sido bisa zargin shirya juyin mulki, mutumin ya rasu a tsare. A watan Maris 1976 an yi yunƙurin kifar da shi, aka harbe Kwamanda Moussa Bayéré da Kyaftin Sidi Mohamed da shugaban ƙungiyar ƙwadago Ahmed Mouddour, gwamnati ta kuma yi zargin hannun Libiya. A watan Oktoba 1983, yana taron Faransa da Afirka a Vittel, na hannun damansa kan harkar tsaro, Amadou Oumarou Bonkano, ya yi nasa yunƙurin ya gaza, ya tsere waje. Kowane karo sai shingayen hanya su ƙaru, ƴan leƙen asiri su yawaita, mutane su rage magana a fili. Da wasu masu ɗauke da makamai suka kai hari Tchintabaraden a watan Mayu 1985, an amsa da kame da tsananta sa ido kan Abzinawa. Gaskiya ne ya naɗa Hamid Algabid, Ba'abzine daga Belbedji, firaminista a ƙarshen 1983, amma kujera ɗaya a Yamai ba ta share kukan rugage da mashayar dabbobi ba.

Shekarun ƙarshe sun zo da tsanani. Farashin yuraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, bashi ya taru, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu. A 1984 damina ta ƙi, Najeriya ta rufe iyakokinta, har mutane suka laƙaba wa yunwar suna El Buhari. A wannan shekarar ce aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da kwararowar hamada. Kountché ya yi ta rangadi jiha jiha, yana faɗa wa ma'aikata ba zato, yana tsige wanda ya samu da sakaci. Wannan ne ya sa talakawa da yawa suka riƙe shi a zuciya.

Ya so ya maye gurbin jam'iyyu da samariya da ƙungiyoyin manoma, a ƙarƙashin abin da ya kira Société de développement. A watan Yuni 1987 aka amince da Charte nationale ta ƙuri'ar raba gardama. Lokacin ciwon ƙwaƙwalwa ya riga ya kama shi, yana kai da komowa tsakanin Yamai da Paris, kuma babu wata doka tsayayya da ta fayyace wanda zai gaje shi. Bayan rasuwarsa hafsoshi ne suka zauna tsakaninsu, ranar 14 ga Nuwamba suka zaɓi babban hafsan sojoji Kanar Ali Saibou. An yi jana'izar marigayin a Fandou.

Ali Saibou ya sassauta, ya saki fursunonin siyasa, Diori ma ya samu walwala. Amma abin da aka danne ya taso da sauri. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 an harbe ɗalibai a gadar Kennedy, a watan Mayu jini ya zuba a Tchintabaraden, a 1991 aka yi babban taron ƙasa, tawayen arewa kuma ya ci gaba har yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Yaransa sun ci gaba da mulki ta hanyoyi daban: tsohon dogarinsa Ibrahim Baré Maïnassara ya ƙwace mulki a 1996, Tandja Mamadou, wanda ya yi masa perefe a Maraɗi da Tawa, ya ci zaɓe a 1999, sojoji suka sauke shi a 2010.

Sunan Kountché yana kan babban filin wasanni na Yamai. Hanyar Tawa zuwa Arlit kuwa ta farfashe a wurare da dama, direbobi sun fi kowa sanin halinta. Tambayoyi biyu da ya bari suna nan a gaban ƴan Nijar: rabon da yankin da ake haƙo arziki zai samu daga arzikinsa, da yadda mulki zai wuce daga hannu zuwa hannu ba sai an ji ƙarar bindiga ba.