Ɗan Hausa: Baturen da Ya Shigar da Sana'ar Hannu Makaranta

An haifi marigayi Hanns Vischer a birnin Basel na ƙasar Suwizalan cikin 1876. Saboda ƙwarewarsa a harshen Hausa aka laƙaba masa suna Ɗan Hausa. Ya fara zuwa ƙasar nan tare da 'yan mishan a 1901, daga baya ya koma aikin gwamnati. A 1906 ya ƙetare Sahara da ayari daga Tarabulus zuwa Barno.

A 1909 ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano. Ban da karatu da lissafi cikin Hausa, ya keɓe sashen sana'a inda yara suke koyon kafinta, ƙira, dukanci da saƙa. Nufinsa kada boko ya raba yaro da sana'ar iyayensa, irin wadda maƙera da dukawa ke ci da ita a Babbar Kasuwar Katsina.

Ya rasu a 1945. Da aka shigar da darasin fasaha ƙananan makarantun sakandare a 1982, ƙarƙashin tsarin 6-3-3-4, injuna da dama sun lalace cikin akwatuna don rashin malamai da lantarki. Shi kuwa Ɗan Hausa da kayan aikin masu sana'ar gari ya fara.