Phil Katz: Mutumin da haruffan sunansa ke cikin kowace takardar Word

An haifi Phillip Katz ranar 3 ga Nuwamba, 1962, a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin ta Amurka, a can kuma ya karanci ilimin kwamfuta a jami'a. A wancan zamani ta layin tarho ake musayar manhajoji, tafiyar hawainiya, saboda haka duk wanda ya iya matse fayil ya rage masa nauyi, ya rage wa jama'a kuɗi da zaman jira.

Tsarin matsewa da ke tashe a lokacin shi ne ARC, na kamfanin System Enhancement Associates. Katz ya rubuta PKARC, wanda ya fi na asalin sauri, ya kafa kamfaninsa PKWARE a 1986. A 1988 masu ARC suka maka shi a kotu bisa zargin kwafar aikinsu, aka ƙare da sulhu. A 1989 ya fito da ZIP, ya kuma wallafa bayanin tsarin a fili domin kowa ya yi aiki da shi. Wannan shawarar ce ta binne ARC, fiye ma da saurin manhajarsa.

Babban gadonsa shi ne DEFLATE, dabarar da ta haɗa hanyoyi biyu. Ta farko, wadda Lempel da Ziv suka wallafa a 1977, tana nemo abin da aka maimaita a cikin fayil ta maye gurbinsa da nuni zuwa baya. Ta biyu, ta David Huffman, tana ba alamomin da suka fi yawa gajerun lambobi. Da Jean-loup Gailly da Mark Adler suka so kauce wa haƙƙin mallakar da Unisys ke riƙe da shi kan wata dabara, LZW, sai suka gina gzip a 1992 kan DEFLATE. Shekaru da dama da gzip rumbunan Linux, irin na Debian, suke ɗaure kunshin manhajojinsu. Daga baya xz ta zo, ta fi matsewa amma tana da nawa wajen kwancewa. A 2020 Arch Linux ta koma zstd, ta amince kunshi ya ɗan ƙara nauyi muddin zai kwance da sauri.

Ma'aikacin da ke tura rahoto daga Kontagora zuwa Abuja ranar da sabis ya yi rauni yana cin moriyar aikin Katz ko da bai taɓa jin sunansa ba. Takardun Word da Excel na yanzu, har da manhajojin Android, kunshin ZIP ne, kuma haruffa biyu na farko a cikinsu su ne PK.

Shi kansa bai daɗe ba. Giya ta ci ƙarfinsa, ya janye daga mutane, aka tsinci gawarsa a ɗakin wani otal a Milwaukee ranar 14 ga Afrilu, 2000, yana da shekara 37.